Wa Zai Ɗauki Nauyin Tsare Gashaka-Gumti?

Kowace shekara idan ruwa ya ɗauke, koguna suka janye, watau daga wajen watan Disamba har zuwa Maris, akan ga baƙi jefi-jefi suna sauka a garin Serti, hedkwatar Ƙaramar Hukumar Gashaka ta Jihar Taraba, kowa da jakarsa a baya da takalmin hawan dutse. Waɗansu Turawa ne ma'aikatan ofisoshin jakadanci, waɗansu ɗalibai ne daga jami'o'in ƙasar nan, a 'yan shekarun nan kuma har da samari da 'yan mata daga Legas da Abuja masu haɗa kuɗi su yi ayari. Abin da ke kawo su bai wuce uku ba: su ga namun daji, su hau dutsen da ya fi kowane dutse tsawo a Nijeriya, su kuma kwana a ƙauyukan da babu ƙarar mota ko ta injin wuta. Duk ukun kuwa akwai su a Gandun Dajin Gashaka-Gumti, kuma wanda ya jure wahalar hanya ba ya komawa gida yana da-na-sani.

Ganin haka ne ya sa duk lokacin da aka tashi maganar wannan gandu a wurin taro ko a takardun hukuma, sai a ɗora ta a kan yawon buɗe ido, a ce ga wata dukiya tana kwance wadda idan an tallata ta za ta riƙe kanta, har ta kawo wa gwamnati kuɗin shiga. Maganar tana da daɗin ji, amma akwai haɗari a cikinta, domin idan aka auna darajar wurin da yawan tikitin da aka yanka a ƙofa, to ba shakka zai faɗi jarrabawa, alhali kuwa ba don tikiti aka kafa shi ba tun farko.

Da farko dai ya kamata mai karatu ya san girman abin da ake magana a kai. Gashaka-Gumti shi ne mafi girma a cikin gandayen daji na Gwamnatin Tarayya. Faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 6,400, watau ya kusa ninka Yankari sau uku, ya kuma fi Jihar Legas girma nesa ba kusa ba. Ya ratsa jihohi biyu. Sashen arewa, wanda ake kira Gumti, yana wajen Toungo cikin Jihar Adamawa, kuma galibinsa daji ne mai ciyawa da itatuwa tsilla-tsilla irin wanda mutumin Arewa ya saba gani. Sashen kudu, watau Gashaka, yana cikin Taraba, nan ne ƙasa ta tashi sama, ta zama tsaunuka da kwazazzabai da kurmi mai duhu. Ta gabas iyakar gandun ita ce iyakar Nijeriya da Kamaru, ta kudu kuma ya jingina da tsaunin Mambila. A kan wannan iyaka ne dutsen Chappal Waddi yake, wanda ake kuma kira Gangirwal, mai tsawon mita 2,419 daga gaɓar teku.

Sunayen wuraren ma kansu suna ba da labari. Yawancinsu Fulatanci ne: Mayo shi ne kogi, shi ya sa ake da Mayo Kam da Mayo Selbe, Chappal Hendu kuwa an sa masa suna ne saboda iskar da ke kaɗawa a kansa. Wannan yanki yana cikin ƙasar da Fulanin Adamawa suka kafa mulki a ƙarni na 19, daga baya Jamusawa suka haɗa shi da mulkinsu na Kamaru, har yanzu ma akwai kufan sansaninsu a kan wani tudu kusa da ƙauyen Gashaka. Bayan Yaƙin Duniya na Farko ya koma hannun Ingila a matsayin ƙasar riƙon amana. Bai zama Nijeriya sosai ba sai a 1961, lokacin da mutanen Arewacin Kamaru suka zaɓi haɗewa da ita ta ƙuri'ar raba gardama, aka kira yankin Lardin Sardauna. Wannan tarihi yana da amfani a nan, domin yana nuna cewa wurin bai taɓa zama daji marar kowa ba. Jibawa da Dakawa da Ndoro da Tigun da Mambila da Fulani da Hausawa fatake sun daɗe suna zaune ko suna ratsawa kafin a zana taswirar gandu.

Ruwa ne asalin magana

A 1966 aka buga rahoton wani bincike da aka yi a kan albarkatun ƙasa na kudancin Lardin Sardauna da kudancin Lardin Adamawa. Daga irin wannan bincike ne hukuma ta gane cewa tsaunukan nan su ne tulun da koguna da yawa ke sha, kuma idan aka bari kurmin da ke kansu ya tafi, to ruwan ma zai bi shi. A 1972 Gwamnatin Jihar Arewa Maso Gabas ta keɓe wurin ya zama gandun namun daji. A 1991, shekarar da aka raba Jihar Gongola aka fitar da Adamawa da Taraba, Gwamnatin Tarayya ta haɗe Gashaka da Gumti ta mai da su gandu ɗaya a ƙarƙashin Doka ta 36 ta wannan shekara. Doka ta 46 ta 1999 ce ta maye gurbinta, ita ce kuma tushen aikin Hukumar Kula da Gandayen Daji ta Ƙasa.

Yadda abin yake aiki ba shi da wuyar fahimta. A kudancin gandun ana yin ruwan sama mai yawa ƙwarai, wata bakwai zuwa takwas a shekara. Idan ruwan ya sauka a kan dutse mai kurmi da ciyawa, ganye da saiwa da ruɓaɓɓen ciyayi sukan tare shi, ya nutse cikin ƙasa, sa'an nan ya riƙa tsattsafowa sannu a hankali cikin ƙoramu har tsakiyar rani. Idan kuwa ya sauka a kan gangaren da aka sare aka ƙone, shanu suka tattake, sai ya zubo gaba ɗaya cikin 'yan sa'o'i, ya kwaso ƙasa da yashi ya cika gindin kogi da su. Sakamakonsa ambaliya da damina, busasshen rafi da rani. Kogin Kam da Gashaka da sauran ƙoramun da ke gangarowa daga waɗannan tsaunuka su ne ke haɗuwa su zama Kogin Taraba, wanda jihar ta ci sunansa, shi kuma ya zuba cikin Binuwai. Saboda haka manomin shinkafa na fadamar Gassol, da masuncin Ibi, da mai sayen ruwan famfo a Makurɗi, duk suna da rabo a cikin kurmin da galibinsu ba su taɓa jin sunansa ba.

Ba za a ce saran daji a Gashaka ne ya jawo ambaliyar 2012 ko ta 2022 ba, waɗanda suka ci garuruwa a bakin Binuwai da Kwara. Dalilansu suna da yawa, har da sakin ruwan madatsar Lagdo ta Kamaru. Amma duk wanda ya ga abin da gwamnatoci suka kashe wajen agaji a waɗannan shekaru biyu, ya san cewa kuɗin albashin masu gadin daji da man babura ba komai ba ne idan aka kwatanta. Matsalar ita ce amfanin kurmi ba ya fitowa a littafin kuɗin shiga na kowace ma'aikata. Ma'ajin da ke duba kasafin kuɗi yana ganin abin da gandu ya ci da abin da ya kawo, ba ya ganin ambaliyar da ba ta auku ba.

Abin da baƙo zai gani, da wanda ba zai gani ba

Wanda ya saba da Yankari, inda ake shiga mota a zaga a dawo a yi wanka a Wikki, zai sha mamaki a Gashaka. Nan tafiyar ƙasa ce. Daga Jalingo ana bin hanyar Bali zuwa Serti, tafiyar sa'o'i masu yawa, daga nan a saki kwalta a kama hanyar daji, a haye Kogin Kam, kafin a isa ƙauyen Gashaka inda masaukin baƙi yake. Da damina kogin yakan cika ya yanke hanya. Mai son hawan Gangirwal kuwa sai ya shirya kwanaki yana tafe da ɗan jagora da 'yan dako, yana kwana a tanti ko a rugar Fulani, cikin sanyin da mutumin Sakkwato ko Maiduguri ba zai yarda akwai irinsa a ƙasar nan ba sai ya ji a jikinsa.

Namun da ke ciki suna da yawa: ɓauna, gwanki, kanki, gwambaza, mazo, gada iri-iri, gadu da sauran aladun daji, damisa, dorina da kada a cikin koguna, ga birai kala-kala. An ƙidaya tsuntsaye fiye da iri 500. Kogunan suna da giwan ruwa da tsage. Amma ganinsu sai da haƙuri, domin kurmi yana ɓoye abin da fili ke bayyanawa, kuma naman da ya sha harbi shekara da shekaru ya koyi gudun mutum. Waɗansu kuma sun tafi. Zaki da giwa da kyarkeci, waɗanda tsofaffin mafarauta suka sani, yau sai dai labari ko sawu can ba a rasa ba. Annobar bushiya da ta auka wa shanun ƙasar nan a 1983 ba ta tsaya a kan shanu ba, ta kashe ɓauna da sauran namun daji masu kofato da yawa, farauta kuma ta hana waɗanda suka rage su farfaɗo da sauri.

Abin da ya fitar da sunan Gashaka a duniyar masana shi ne wani babban biri marar wutsiya da mutanen wurin ke kira biri mai ganga, saboda yadda yake dukan saiwar manyan itatuwa ana jin ƙarar daga nesa. Shi ne Turawa ke kira cimfanzi. Irin wanda ke nan ba a samunsa ko'ina sai a Nijeriya da Kamaru, kuma masana sun ƙiyasta cewa waɗanda suka rage a duniya duka ba su kai 10,000 ba. Gashaka tana cikin 'yan wuraren da suka fi yawa. A shekarar 2000 wani shehun malami na wata jami'ar London, Volker Sommer, ya kafa tashar bincike a Kwano, cikin kurmin gandun, gidan namun daji na Chester a Ingila kuma ya daɗe yana tallafa wa aikin. A can aka tabbatar cewa biran nan suna gyara sanduna su zura cikin amya su ɗebi zuma, suna kuma kama kwarkwasa da tsinke. Ɗalibai 'yan Nijeriya da dama sun yi binciken digirinsu a wannan tasha. Sai dai baƙon da ya zo na kwana uku ya fi yiwuwa ya ji gangar, ya ga sheƙar da suka kwana a kan itace, ya koma bai sa su a ido ba.

A nan ne kwatancin da ake yawan yi da ƙasar Ruwanda yake rushewa. Gaskiya ne a can tun 2017 baƙo yana biyan dala 1,500 don ya zauna awa ɗaya kusa da goggon birin dutse, kuma gwamnati tana ware kashi 10 cikin 100 na kuɗin gandayenta don ayyukan ƙauyukan da ke kewaye. Amma an shafe shekaru ana saba wa waɗannan dabbobi da mutum, gandun kuma tafiyar 'yan sa'o'i ce a kan kwalta daga filin jirgin saman Kigali, baƙo yana biya ne da tabbacin zai gani. Gashaka ba ta da ko ɗaya daga cikin ukun. Bugu da ƙari, gwamnatocin waɗansu ƙasashen Turai sun sha gargaɗin mutanensu game da tafiya Taraba da bakin iyakar Kamaru, kamfanonin inshora kuwa da irin wannan gargaɗi suke aiki. Baƙi za su ƙaru idan an gyara hanya an tabbatar da tsaro, kuma ya kamata a yi ƙoƙarin hakan. Amma a ce kuɗinsu zai biya tsaron murabba'in kilomita 6,400 na dutse da kurmi nan kusa, wannan mafarki ne.

Ƙauyukan da ba su da hayaniya

Abu na uku da baƙo ke nema, watau ƙauye mai shiru, shi ne ya fi bukatar a tsaya a kansa. Lokacin da aka keɓe gandun a shekarun 1970 an tarar da mutane a ciki, manoma a kwari, Fulani makiyaya a kan tudu. Fulanin sun hau tsaunukan ne don akwai ciyawa da ruwa, ga sanyi, kuma tsando mai kawo sammore ba ya damun shanu a can kamar yadda yake yi a ƙasa. Hukuma ba ta tashe su ba. Sai ta shata musu matsugunai a cikin gandun, irin su Gumti da Filinga da Sabere da Chappal Hendu da Chappal Tale, inda aka yarda su yi noma da kiwo bisa sharaɗin ba za su yi farauta ba, ba kuma za su ƙetare iyakar da aka shata ba.

Wannan shawara ta saɓa wa tsarin da aka gado daga Amurka, inda aka kafa gandun Yellowstone a 1872 aka kuma raba 'yan asalin wurin da shi. Idan aka duba irin rigingimun da korar mutane daga gandaye ta haifar a ƙasashen Afirka da dama, sai a yaba wa waɗanda suka yanke ta. Amma sun bar aiki rabi. An ce wa mutane su zauna, ba a faɗi yadda za su rayu ba bayan shekara hamsin, lokacin da gida ɗaya ya zama goma, garke ɗaya ya zama biyar. Ba a buɗe manyan hanyoyi zuwa matsugunan ba, domin hanya tana kawo mai zarto da mai bindiga. Rashin hanya kuma yana nufin malamin makaranta ba ya son zama, ɗakin shan magani yana nesa, mace mai naƙuda sai a ɗauke ta a kan babur ko a kafaɗa. Masara ko man shanu kafin su kai kasuwar Serti, kuɗin dako ya cinye riba. Shirun da baƙo ya biya kuɗi ya zo saurara, ga mai gida wani lokaci sunansa rashi.

Ga kuma ɓarnar namun daji. Manomin da gwaggon biri ko aladen daji ya shiga gonarsa ya kwashe masarar shekara, doka ta hana shi harbi, kuma babu wanda zai biya shi. Idan irin wannan mutum ya ga baƙon mafarauci ya wuce da bindiga, mene ne zai sa ya yi tattaki ya gaya wa malamin daji?

Wannan tambaya ita ce gindin al'amarin duka. Ma'aikatan gandu, komai yawansu, ba za su iya sa ido a kan kowane kwazazzabo ba. Mutanen matsugunai su ne suka san kowace hanyar ƙafa, su ne ke fara ganin baƙuwar fuska da baƙon sawu. Idan suna ganin gandun nasu ne, to hukuma ta sami ido dubu kyauta. Idan kuwa suna ganinsa a matsayin abin da ya tsare musu ci gaba, to ko da jirgin sama ake sintiri ba za a tsare shi ba. Su ma makiyayan ciki suna da abin da za su yi asara, domin garkunan da ke kwararowa daga nesa da rani, daga cikin ƙasar nan da kuma ƙetaren iyaka, ciyawarsu suke cinyewa, cuta kuma suke kawo wa shanunsu. Bukatar mai gandu da ta Bafulatanin Chappal Hendu sun fi kusa da juna fiye da yadda kowannensu yake zato.

Ba a ce mazauna ciki ba su da nasu laifi ba. Sa wa ciyawa wuta kowace shekara don sabon toho ya fito yana cin bakin kurmin dutse kaɗan-kaɗan, kurmin da ba ya komawa idan ya tafi. Yawan shanu a kan gangare ɗaya yana buɗe zaizaya. Rikicin da ya ɓarke a tsaunin Mambila a watan Yuni na 2017 tsakanin manoma da makiyaya, wanda ya ci rayuka da dukiya, ya nuna inda ƙarancin fili a kan tudu yake iya kaiwa idan hukuma ta yi sakaci da shata iyaka da raba gardama tun tana ƙarama.

Darasin madobiya

Babbar barazanar da gandun ya gani a shekarun baya ba daga ƙauyukan ciki ta fito ba. Daga wajen 2013 kasuwar itacen madobiya ta buɗe, saboda masu yin kujeru da gadaje na alfarma a ƙasar Sin suna nemansa ido rufe. A Taraba ana kiransa madrid. Cikin 'yan shekaru aka share shi daga dazuzzukan Bali da Gashaka da kewaye, manyan motoci suna fita da gungume dare da rana, samari suka bar gona da makaranta suka kama zarto. Da na waje ya ƙare, sai masu saran suka juyo kan gandu, inda ya rage. An yi arangama, ma'aikatan gandu sun rasa rayukansu a bakin aiki. A 2016 aka sa madobiya cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar duniya ta CITES ta ƙayyade cinikinsu, a 2018 kuma aka dakatar da sayensa daga Nijeriya, bayan an gano cewa takardun izinin da ake bayarwa ba su da tushen bincike. Kafin nan ɓarna ta riga ta auku. Abin lura shi ne kowane gungume ya bi ta kan hanyar gwamnati, ya wuce shingayen jami'ai, an yanka masa rasit, ya shiga jirgi a tashar ruwa. Ba a ɓoye aka yi ba.

Yanzu haƙar ma'adinai ta bayan fage ita ce ke neman maye gurbin zarto, ita kuma ta fi muni ta wani fanni, domin tana tara ɗaruruwan mutane a sansani ɗaya cikin daji, su ci naman daji, su gurɓata ruwa, kuɗi da makamai kuma su biyo baya. Ƙasar nan ta riga ta ga abin da ke faruwa idan hukuma ta janye daga daji. Sambisa gandun namun daji ne kafin ya zama abin da ya zama. Kamuku a Birnin Gwari da Gandun Tafkin Kainji duk sun sha fama da 'yan bindiga har baƙi suka ƙaurace musu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Gashaka tana kan iyakar ƙasa, tana da tsaunukan da runduna guda za ta ɓace a ciki. Ko da babu biri ko ɗaya a cikinta, tsare ta aikin tsaron ƙasa ne.

A 2017 Hukumar Kula da Gandayen Daji ta ƙulla yarjejeniyar shekara 30 da wata gidauniya mai zaman kanta ta 'yan Nijeriya, Africa Nature Investors, don su gudanar da gandun tare. Tun daga lokacin an ɗauki sababbin masu gadi daga garuruwan kewaye an horar da su, an samar da kayan sintiri da na sadarwa, an kuma shiga ayyuka irin su allurar rigakafin shanu da ƙungiyoyin adashi na mata. Wannan hanya ce mai kyau, musamman ɗaukar 'ya'yan wurin aiki, domin albashin da ya shiga gida ya fi wa'azi tasiri. A watan Afrilu na 2024 kuma Nijeriya da Kamaru suka sa hannu a Abuja kan yarjejeniyar haɗin kai wajen kula da dazuzzuka da namun dajin kan iyaka, abin da ya shafi Gashaka kai tsaye, tun da gandun Faro da tsaunukan Tchabal Mbabo suna ɗaya hayin, mafarauci da garke kuwa ba sa nuna fasfo. A 2025 Shugaba Bola Tinubu ya amince da ɗaukar dakarun tsaron daji a faɗin ƙasa.

Amma kuɗin masu taimako na waje kamar ruwan bazara yake, yana iya zuwa yana iya ɗaukewa, kuma akwai abubuwan da gidauniya ba ta da ikon yi komai kuɗinta. Ba za ta iya shata iyakar matsugunai ta zama doka ba, ba za ta iya hukunta wanda aka kama ba, ba za ta iya hana a ba da lasisin haƙa a bakin gandu ba, ba kuma aikinta ba ne ta tura malami ko ungozoma Filinga. Waɗannan suna kan teburin Ma'aikatar Muhalli, da Ma'aikatar Ma'adinai, da gwamnatocin Jalingo da Yola, da ƙananan hukumomin Gashaka da Sardauna da Toungo, da fadar Lamdo Gashaka da sauran sarakuna. Tarihin Yankari, wanda ya shiga hannun Tarayya a 1991 ya koma hannun Jihar Bauci a 2006, ya nuna cewa sauya mai riƙo kaɗai ba ya warkar da komai idan ba a san inda kuɗin kowace shekara zai fito ba. A 2020 ma Gwamnatin Tarayya ta amince da ƙarin gandaye 10, a lokacin da bakwai ɗin da ke hannunta suke kukan rashin ma'aikata da motoci.

Abin da ya fi gaggawa a Gashaka shi ne a koma kan alkawarin shekarun 1970 a ƙarasa shi a rubuce: ina iyakar kowane matsuguni, su wane ne masu haƙƙin zama, shanu nawa tudu zai ɗauka, yaushe za a sa wuta kuma a ina, me gwamnati za ta bayar a madadin hanyar da ta hana, wa zai biya manomin da namun daji suka cinye wa gona. Kuɗin shiga na baƙi, ko yaya ƙanƙantarsa, a san kason da zai tsaya a ƙauyen da aka kwana, a kuma fifita 'ya'yan wurin a aikin jagora da dako da dafa abinci, da farashi sananne. Ɗaliban jami'o'in Jalingo da Wukari da Yola suna iya yin ƙidayar mutane da shanu da gonaki da irin wannan yarjejeniya ke bukata, a matsayin aikin digirinsu, da kuɗin da bai kai na taron bita ɗaya a otal ba.

Tun 1995 sunan Gashaka-Gumti yake cikin jerin wuraren da Nijeriya ta miƙa wa hukumar UNESCO da niyyar a sa su cikin kayan gadon duniya, shekara 30 ke nan yana jiran a cika sauran sharuɗɗa. Cikin abubuwan da hukumar ke dubawa kafin ta amince akwai tabbatacciyar iyaka, da tsarin gudanarwa wanda mazauna wurin suka sa hannu a ciki.